Tambayar Alhaji da Bakin Tiyo

Wata Juma'a bayan an sallame, muna laluben takalma a ƙofar masallacinmu da ke birnin Columbus na jihar Ohio, Alhaji ya kamo hannuna na dama ya juya shi yana dubawa. Akwai ragowar fenti ruwan ɗorawa a ƙarƙashin farcen babban yatsana. Alhaji mutumin Zangon Kumasi ne, ya shekara da shekaru yana ɗinki kafin 'ya'yansa su ɗauko shi su kawo shi Amurka, kuma tabo ba ya wuce idon tela.

"Ɗana, har yanzu kana wurin masu harbe-harben nan?"

Na ce, "Ina nan, Baba Alhaji."

Ya saki hannun a hankali. "To ran da aka tsayar da kai aka tambaye ka a me ka ƙarar da ƙuruciyarka, me za ka ce? Gyaran bindigar wasa?"

Ban ba shi amsa ba, kuma ba kunya kaɗai ta rufe mini baki ba. Tun kafin ya tambaya na riga na yanke wa aikin hukunci a zuciyata, hukuncin da ya fi nasa tsanani. Shi cikin tausayi ya yi tambayarsa. Ni kuwa raina aikin nake yi, ina cin abincinsa ina yatsina fuska. Ko Inna in ta kira ta ce wane aiki nake yi a ƙarshen mako, sai in ce mata gyaran injuna. Ba ƙarya na yi ba, amma bakina bai taɓa iya furta mata kalmar bindiga ba, ita da take zaune a yankin da mutane ke barci da ido ɗaya saboda 'yan bindiga.

Wasan harbin fenti ake yi a wurin. Fili ne a cikin daji, tafiyar kusan awa ɗaya daga gari. Mutane su kasu gida biyu, kowa ya sa takunkumi mai gilashi da ya rufe ido da baki da kunne, su riƙa harbin juna da 'yan ƙwallaye masu girman ɗan magarya, milimita 17 ko kusa da haka. Ɓawon ƙwallon irin na kafson magani ne, a ciki akwai ruwa mai kauri mai launi. In ya same ka ya fashe ya bar shaida, sai ka ɗaga hannu ka fita daga fage. Masu wasan ba su cika cewa bindiga ba, maka suke ce mata, wato abin sa alama, kuma sunan yana da tushe: wani kamfanin fenti mai suna Nelson a jihar Michigan ne ya fara yin ƙwallayen, domin ma'aikatan gandun daji su sa wa bishiyoyi shaida daga nesa, masu kiwo kuma su sa wa shanu. Babu albarushi a cikinta. Iska ce ke ingiza ƙwallon, kuma a kan iskar nan aikina yake.

Mai faci yana ba tayar mota iska 32 ko 35 a geji. Tukunyar da ake ɗaura wa bindigar nan tana ɗaukar 3000 a wannan ma'aunin in ta alminiyom ce, in kuma marar nauyin nan ce da aka naɗe da zaren kabon, 4500. A bakin tukunyar akwai abin da ke rage ƙarfin ya sauko wajen 800, daga nan iskar ta bi ta wani ɗan tiyo ta shiga jikin bindigar. Yawancin bindigogin haya da tiyo mai saƙar waya suke zuwa, wanda ba a yanka shi sai dai a canja shi ɗungurungum. Amma da yawa daga masu zuwa da kayansu na roba mai tauri suke ɗauke da shi, kaurinsa kwatan inci, tsawonsa sau da yawa bai kai taƙi guda ba. Kowane kai nasa yana shiga wani mahaɗi na ƙarfe da ba ya neman sifana, turawa kawai ake yi ya riƙe. A cikin mahaɗin akwai 'yan haƙoran ƙarfe da ke cizon tiyon kada ya fito, a bayansu kuma wani ɗan mitsitsin zoben roba da ke hana iska tserewa.

Maigidana, wani dattijon Bature da ya yi aikin famfo kafin ya buɗe filin, shi ya koya mini yankan, kuma ya ɗauki lokaci a kai har na ƙosa. Da farko ka cire tukunya, ka harba sau biyu ko uku babu ƙwallo don iskar da ta maƙale ta fita, domin tiyon da ke da iska ba a taɓa shi. Sannan ka danna zoben da ke bakin mahaɗin da farce, haƙoran su saki, ka zaro tsohon. Ka gwada tsawon sabon, ka bar masa ɗan sarari yadda zai lanƙwasa a hankali kamar baka. In ya yi gajarta zai riƙa jan mahaɗin gefe, in ya yi tsawo reshe zai kama shi a daji, in kuma ka karya shi da ƙarfi za ka ga wurin ya yi fari, wannan ya mutu, sai juji. Sai ka kwantar da shi a kan katako, ka ɗauko sabuwar reza, ka tsayar da ita cak a kansa, ka danna sau ɗaya. Ba a zarto, ba a komawa sau biyu. Ka ɗaga bakin ka duba shi a haske: ya zama zagayayye kamar zobe, shafaffe, ba tsini, ba gashin roba. Almakashi ko filaya ba sa wannan aikin, don suna matse tiyon daga gefe biyu kafin su yanka, sai bakin ya fito kamar ƙwai. In yankan ya karkace kuma, dogon gefen zai je ya daki ƙarshen mahaɗin, gajeren ya tsaya bai gama wuce zoben roba ba. Daga nan ka tura. Hannunka zai ji tsani biyu: na farko lokacin da ya wuce haƙora, na biyu, wanda ya fi shi tauri, lokacin da ya ratsa zoben ya zauna. Ka ja shi baya ka ji ya ƙi. Ka ɗaura tukunya a hankali, fuskarka can gefe, ka shafa ruwan sabulu a bakin ka jira ko kumfa za ta taso.

Duk wannan aikin minti uku ne, kuma da zarar ka gama, wurin da ka yanka ya shige cikin ƙarfe. Mai kayan ba zai gan shi ba, maigida ba zai gan shi ba. Kyakkyawan yanka da mummuna kamanninsu ɗaya daga waje.

Wata Asabar ce ta watan Oktoba, sanyi ya fara shigowa, robar ta yi tauri kamar kara. Mun cika maƙil, ga injin cika tukwane yana ruri a bayana. Wani mutum ya zo da ɗansa, yaro ɗan shekara goma sha uku ko sha huɗu, da wata tsohuwar bindiga da ya saya masa. Tana huci a bakin tiyo. Na duba, tsohon bakin duk haƙora sun cinye shi, yankan santimita ɗaya kawai yake so. Na buɗe aljihun tebur, rezar ta ƙare, sabon fakitin yana ɗaya rumfar, tafiyar da ba ta fi minti biyu ba. Ga layi a gabana, ga lokacin Azahar yana neman ƙurewa, ni kuma so nake in sallami jama'a in samu in yi salla. Filayar yankan waya tana kusa da hannuna. Na ɗauka na datse.

Na ga bakin. Wannan ba zan taɓa iya musantawa ba, ko a gaban kaina. Na ga ya baje kuma ya karkace, na murza shi da yatsu ya ɗan dawo, na tura. Tsani na farko na ji, na biyu ban ji ba. Na ɗaura tukunya, na kara kunne, ƙarar injin ta rufe komai, ruwan sabulun yana nan a kwalba ban taɓa shi ba. Abin da ya ratsa zuciyata a lokacin, kalma da kalma, shi ne: ai kayan wasa ne. Na miƙa wa yaron, na je na yi alwala, na yi sallata a bayan rumfa a kan kwali, har ina jin daɗin cewa ban bar aikin banza ya cinye mini lokacin ibada ba.

Ban daɗe da sallamewa ba na ji usur mai tsawo, irin wanda ake busawa a tsayar da komai. Sauran labarin daga bakin alƙaliyar wasan na ji shi, wata ɗaliba ce da ke aiki tare da mu. Yaron yana rarrafe a cikin ƙirare, reshe ya saƙalo tiyon, ya fizge daga mahaɗin. Iskar ta ɓalle da ƙara a daidai hannunsa, tiyon ya tsula masa a wuyan hannu kamar bulala. Ya firgita ya yar da bindigar, ya yi abin da kowane ɗan Adam yake yi in ya tsorata yana son ya ga abin da ya same shi: ya ɗage takunkumin sama. A tsakiyar fage, ana harbi. Alƙaliyar ta sheƙa ta tsaya a gabansa ta juya wa masu harbin baya tana busa usur. Da ta shigo rumfa na ƙirga tabo uku a bayan rigarta.

Ƙa'idar wasan ita ce kada ƙwallon ya wuce gudun ƙafa 300 a sakan ɗaya, kusan kilomita 330 a awa, kuma akwai na'urar da muke gwada kowace bindiga da ita kafin a shiga. A wannan gudun, in ya sami fata sai ya bar kumburi na 'yan kwanaki. In ya sami ido tsirara yana iya tafiya da shi. Hausawa suka ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ni nawa hakin ba idona ya nufa ba, idon ɗan wani ya nufa.

Uban ya dawo da bindigar yana ba ni haƙuri. Wai laifinsa ne da ya sayi tsohon kaya don neman sauƙi. Na karɓa, na kalli bakin tiyon da ke lilo, karkataccen yankana a fili a gaban idonsa amma bai san abin da yake kallo ba. Na yi shiru. Na je na ɗauko reza na gyara masa yadda ya kamata, ya yi godiya, suka tafi. Sai da aka tashi, muna kwashe kaya, na iya gaya wa maigida. Bai ɗaga murya ba. Ya buɗe littafin da iyaye ke sa hannu, ya nemo lambar, ya miƙo mini waya ya ce ni zan kira. Na kira. Mutumin ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce ya gode da na faɗa, ya kashe. Ba su sake zuwa ba.

Na kwana biyu ina juya abin, kuma ba sakacin ne ya fi ci mini rai ba, don kowa yana kuskure. Rigar da na sa wa sakacin ita ta hana ni barci. Na ɗauki raina aiki a matsayin gudun duniya. Na ɗauka tunda wasa ne, kuma ni mutum ne mai salla, to rashin ba shi zuciyata wani nau'in tsoron Allah ne. Ashe kasala ce da girman kai suka yi alwala suka shigo sahu. Na yi gaggawar zuwa tsayawa gaban Allah, na bar amanar da Ya ɗora mini a hannu a karkace, kuma Wanda na je tsayawa gabansa Shi kaɗai ne, ban da ni, Ya ga bakin tiyon nan kafin ya shige.

A islamiyya mun haddace Arba'una Hadisi ta Imam Nawawi, kuma na goma sha bakwai a cikinta a kan kyautatawa yake, cewa an wajabta ta a kan kowane abu. Misalin da aka kawo a ciki na yanka ne, har da umarnin a wasa wuƙa. Shekara nawa ina karanta shi ina ganin na mahauta ne da ranar Layya. Bai taɓa zo mini a rai ba cewa ni ma da kaifi nake aiki, kuma ni ma an ce in je in ɗauko mai kaifin. Sannan akwai hukuncin da malaman Malikiyya suka tsaya a kai, yana nan a Risala ta Ibn Abi Zaid da ake karantawa a zaurukanmu: mai sana'a shi ke da lamunin kayan mutane da ya karɓa ya yi aiki a kansu ba a gaban idon masu su ba. Ban ga inda aka ware aka ce sai in kayan na aikin kirki ne ba. Tela ba ya kuɓuta don rigar ta biki ce. Abin da malaman suka duba shi ne wannan gurbin da mai kaya ba ya gani, inda ba shi da abin dogaro sai hannun mai sana'a.

Wasan wasa ne, na yarda. Amma ƙarfin iskar da ke cikin tiyon bai san ana wasa ba, idon yaron ma na gaske ne, kuɗin uban na gaske ne, bayan yarinyar nan da ta tare ƙwallaye uku na gaske ne. Na duba duk abin da hannuna ke taɓawa a rumfar nan, ban sami guda ɗaya da yake na wasa ba.

Wannan dai ya warware mini rabin tambaya ne kawai, kuma ba rabin da Alhaji ya yi ba. Shi bai ce in yi aikin a karkace ba. Cewa ya yi me ya kai ni wurin tun farko. Don haka wata Juma'ar na bi shi har mota na ba shi labarin duka, ban rage ba. Ya saurara yana jan carbi, da na kai wurin takunkumin ya ce, "Subhanallahi," ya dafe ƙirji.

Sannan ya kawo hujjarsa, kuma ba ƙarama ba ce. Ya tuna mini da hanin da ya zo a Buhari da Muslim kan mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami. Ya ce, "Ku kuwa kun mai da nuna ɗin shi ne sana'a." Ya ƙara da abin da duk Musulmin da ya daɗe a ƙasar nan ya sani: a 2003 an gurfanar da mutum 11 a jihar Virginia, kuma cikin abin da masu gabatar da ƙara suka kafa hujja da shi har da wannan wasan, suka ce horon yaƙi ake yi da shi. "Kai baƙo ne, ɗana, kuma sunanka ya nuna addininka. Me ya haɗa ka da wurin da za a yi maka fassara?"

Ni ba malami ba ne, kuma ban je don in ba da fatawa ba. Na dai faɗa masa abin da na fahimta. Hanin nan ya zo da dalilinsa a tare da shi, shi ne tsoron kada hannu ya kuɓuce, Shaiɗan ya fizge shi a yi ɓarnar da ba a nufa ba. Irinsa ne umarnin da aka ba mai wucewa da kibiyoyi ta masallaci ko kasuwa, cewa ya riƙe tsininsu kada su yaƙushi wani. Ba a ce ya zubar da kibiyoyin ba. Kuma a cikin masallacin Madina Habashawa suka yi wasa da masu ranar Idi, Nana A'isha tana kallo daga bayan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Sayyidina Umar ya so ya hana su aka ce ya ƙyale su. Imam Gazali ma ya kafa hujja da wannan a Ihya'u wajen nuna cewa ba kowane wasa ne abin zargi ba. Na ce masa a filinmu akwai 'yar jaka mai igiya da ake rufe bakin bindiga da ita da zarar an fito daga fage, wanda ya cire ta a wajen fage sai a kore shi, kuma duk sanda na ga ana ɗaura ta sai in tuna da mai riƙe tsinin kibiya.

Ina cikin faɗa masa haka ne abin ya faɗo mini, kuma ya fi duk abin da na zo da shi nauyi. In wasan nan ya halatta, to ya halatta ne saboda an toshe ƙofofin kuɓucewar hannu: kowa ya shiga da yardarsa, an rufe fuska, an ƙayyade gudu, an tabbatar kayan ba za su ci amanar mai riƙe da su ba. Ka zare ɗaya daga cikin waɗannan, abin da ya rage shi ne ainihin abin da aka hana, mutane suna nuna juna da abin da zai iya makantarwa. Wato halaccin da nake karewa a gaban Alhaji ba a littafi kaɗai yake zaune ba, wani ɓangarensa a kan teburina yake, tsakanin reza da katako. Ran Asabar ɗin nan ni na zare ɗaya daga cikin turakun. Na tsawon 'yan sakanni, wasan da yaron nan yake ciki ya koma abin da Alhaji yake tsoro, kuma hannun da ya kuɓuce nawa ne, ni da ban harba ko ƙwallo ɗaya ba.

Alhaji bai sallama ba. Ya ce, "Habashawa hannu suke motsawa don ranar da za a buƙace su. Naku fa, don me?" Na ce yawancin waɗanda nake gani iyalai ne, uba da ɗa, abokan aiki, yara da in ba don wannan ba suna ɗaki sun duƙufa kan waya, ga su yau a daji suna gudu suna haki suna dariya, kuma zuciya tana da haƙƙin hutu. Ya ce, "Hutu daban, auna ɗan'uwa daban." Ban iya ture wannan ba, don akwai abin da ni ma yake damuna. A jihar Oklahoma an taɓa shafe shekaru ana wani babban taro inda dubban masu wasan suka riƙa kwaikwayon saukar sojojin ƙawance a Normandi ta Faransa a 1944, ranar da dubban mutane suka mutu da gaske. Mu ma a ɗan filinmu akan sami waɗanda ke zuwa cikin kakin soja tun daga hula har takalmi, suna ihun sun kashe wane. In na ji wannan kalmar cikin raha sai in tuna muryar Inna ran da ta kira ta ce an shiga ƙauyen da ke kusa da su. A irin ranakun nan aikina nake yi in yi shiru, ba na iya taya su dariya, kuma ban san ko zan daɗe a sana'ar ba.

Akwai kuma ɗaya fuskar da nake riƙewa. Wasan farko an yi shi ne a watan Yuni na 1981 a dajin Henniker da ke jihar New Hampshire, bayan wata doguwar gardama tsakanin marubuci Charles Gaines da abokinsa Hayes Noel, ɗan kasuwar hannun jari, kan ko wayon ɗan birni zai fisshe shi a daji gaban wanda ya tashi a cikinsa. Su da Bob Gurnsey suka tara mutum 12. Wanda ya ci, Ritchie White, ma'aikacin gandun daji ne, kuma ya ci ne bai harba ko sau ɗaya ba. Sanin daji ya yi amfani da shi, da haƙuri, da iya tafiya ba a ji motsinsa ba. Na ba Alhaji wannan labarin, ya yi murmushi ya ce to wannan shi ne mai hankalin cikinsu.

Muka bar maganar a nan, kowa da abin da ya riƙe. Bayan wata biyu motata ta ƙi tashi ran wata Asabar da sassafe, ƙanƙara ta rufe gari, na rasa wanda zan kira sai shi. Ya zo ya ɗauke ni, muka yi tafiyar awa ɗayan nan yana sauraron karatu. Da muka isa na ce ya shigo ya sha shayi kafin ya juya. Ya tsaya a ƙofar rumfa ya daɗe yana kallon bindigogin da ke jere a bango, sannan ya shigo ya zauna kusa da hita, ya naɗe babbar rigarsa a cinya.

Akwai bindigogi huɗu da aka bari tun makon jiya a canja musu tiyo. Na jiƙa robar a ruwan ɗumi don ta saki, na shimfiɗa katako, na ɓare sabuwar reza. Yana kallon hannuna bai ce komai ba. Na yanka na farko, na biyu, na uku, ina jera su a gefe. Ya miƙo hannu ya ɗauki ɗaya, ya sa tabarau, ya ɗaga shi saitin taga kamar yadda ake duba ramin allura.

"Me ya sa ba ka sa almakashi?"

Na gaya masa yadda almakashi ke matse bakin. Ya gyaɗa kai, ya ce yadi ma akwai wanda in ka sa masa almakashi marar kaifi sai ya tauna shi, kuma ɓarnar ba ta fitowa sai an wanke rigar. Ya ajiye, ya ɗauki na biyu ya duba, ya ajiye. Ya ɗauki na uku ya jujjuya shi, ya daɗe.

"Ɗana, wannan ya ɗan kwanta."

Na karɓa na duba. Da ƙyar ake gani, amma gaskiyarsa ne, rezar ta ɗan zame a gefe ɗaya.

Ya ce, "Har yanzu fa ban yarda da wasan nan naku ba." Ya turo mini katakon da yatsa. "Sake shi."

Na kwantar da tiyon, na tsayar da rezar, na danna. Na miƙa masa ya duba, ya miƙo mini. Na tura shi cikin mahaɗin, ya wuce haƙora, na ƙara ƙarfi har na ji ya zauna, sannan na jawo kwalbar ruwan sabulu. A waje motar farko ta masu wasa tana shigowa, tayoyinta suna murƙushe ƙanƙara.